Tambayar Gindin Tsani

Kowace safiya, kafin ƙafar kowa ta taɓa tsani, sai Tsoho ya jera su. Mutum goma sha ɗaya ne, kafintocin rufi, kowa da gudumarsa a ƙugu da ƙusoshi a aljihu. Tsoho zai bi layin yana dogara sanda, ya tsaya gaban kowane ɗaya, ya dube shi cikin ido ya ce, "Lafiya?" Shi kuma ya ce, "Garau." Sai a wuce na gaba.

Asalin tambayar mai kyau ne, wannan babu musu. Mutumin da zai taka katako mai faɗin tafin hannu a saman bene hawa uku, dole a san ko ya yi barci, ko kansa na juyawa, ko ya baro wani abu a gida yana cin ransa. Amma shekara arba'in ana yin tambayar, har amsa ɗaya tak ta rage mata. Wanda ya kuskura ya faɗi wani abu daban, Tsoho ba ya zaginsa. Cewa kawai yake, "To, zauna a ƙasa." Sai a miƙa masa gwangwani ya yini yana tsintar ƙusa, na sama suna leƙo shi suna kiransa Gimbiya. Sunan kuma ba ya goguwa. Akwai wanda ya bar sana'ar ɗungum saboda shi. Don haka mai zazzaɓi garau, wanda ɗansa ke kwance asibiti garau, wanda bai runtsa ba garau.

Dogo shi ne babban ɗan Tsoho. Shekararsa arba'in da bakwai, talatin daga ciki a kan rufin mutane ya yi su. Tsoho ya riga ya faɗa a gaban kowa cewa ranar da aka buga kwanon ƙarshe a benen da suke rufewa zai ajiye aiki, Dogo ne zai riƙe ma'aikatan, shi zai riƙa bin layi yana tambaya. Ba ƙaramin abu ba ne a wurin Dogo. Tun yana ɗaukar wa uban zarto yake hangen ranar, kuma bai taɓa neman wani abu a duniya kamar yadda ya nemi wannan ba.

Abokin aikinsa Gajere ne, shekara ashirin da biyu suna tare. A wannan sana'a biyu-biyu ake aiki: wannan ya riƙe bakin katako, wancan ya riƙe ɗaya bakin, wannan ya danne, wancan ya buga. Gajere mutum ne mai surutu da tsokana. Yakan ce Allah ya yi Dogo ne don a huta da sayen tsani, Dogo kuma ya ce shi Gajere ko ya faɗo ba zai ji ciwo ba, tunda dama a kusa da ƙasa yake zaune. Sun yi wannan wasan ya fi sau dubu.

Wata safiya suna tsaye a layi, Tsoho yana can farkon layin, Gajere ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Dogo, kaina na juyawa tun jiya. Ƙasar nan lilo take yi mini."

"Ka ci abinci?"

"Na ci. Zai wuce. Kai dai kada ka ce komai, ba a girmana za a kira ni Gimbiya ba."

Sanda ta iso gabansu. "Lafiya?"

"Garau," in ji Gajere, har da murmushi.

Tsoho ya matsa gaban ɗansa. Dogo ya ji maganar ta zo masa har bakin leɓe. Ya dubi fuskar uban, ya haɗiye ta, ya ce, "Garau."

Rana ba ta kai tsaka ba. Suna ɗauke da dogon katako a can ƙololuwa, Dogo a gaba, Gajere a baya, sai Dogo ya ji katakon ya yi masa nauyi a hannu lokaci guda. Bai ji ihu ba. Da ya waiwaya babu kowa a ɗaya bakin.

Kwana biyu aka yi ba a hau ba. A na uku Tsoho ya jera su, mutum goma yanzu, ya ce Allah ya jiƙan Gajere, ƙafa ce ta zame, kowa da ranarsa. Idonsa a bushe kamar katakon da ya shekara a rana. Ya bi layi, kowa ya ce garau, Dogo ma ya ce garau, aka hau.

Kwana takwas Dogo yana hawa yana sauka da abin a cikinsa. A gida ya daina magana. A kawo abinci ya tsakura ya ture. Matarsa ta san halin gidan da ta shigo, ta yi shiru. Wadda ba ta yi shiru ba ita ce babbar 'yarsa, mai aiki a kantin magani, wadda duk dangi ke kira Likita. Ranar ta dawo daga aiki da yamma ta same shi zaune a bakin ƙofar ɗaki, ya zuba wa tafin hannunsa ido.

"Abba, sannu da hutawa."

"Yauwa."

Ta ajiye jaka ta jawo kujera. "Abba, kwana takwas ke nan. Ba ka ci, ba ka barci. Ka yi magana mana. Ko kuka ne ka yi, ba wanda zai kai ka ƙara."

"Ke, tashi ki ba ni wuri. Ku 'yan zamani komai kuka. Waya ta faɗi kuka, an yi muku kallon banza kuka. Ku ɗora waya a gabanku kuna hawaye duniya na kallo, wai ku kun iya bayyana zuciya."

A nan yana da gaskiya, kuma ya kamata a faɗa. Akwai masu kukan da talla suke yi, hawayensu ba ya zuba sai an kunna kyamara. Amma Likita ba ta cikinsu, shi ma ya sani.

"Ni ban ce ka yi wa duniya ba," in ji ta. "Mu nan fa? Baba Gajere shi ya fara kai ni makaranta a kan kekensa. Na yi kukana a ɗaki ni kaɗai, don na san in ka gani za ka ce in goge fuska. Kaka ya koya maka, kai kuma ka koya mana. Shekarata ashirin da huɗu, wallahi ban san yadda fuskarka take ba in abu ya dame ka. Sai dai mu ga ka daina cin abinci, mu yi ta lalube kamar makafi, kowa na tambayar kansa ko shi ne ya yi laifi."

"Kin gama?"

"Ban gama ba, amma na ga alamar za a kore ni."

Ta ɗauki jakarta ta shige. Dogo ya zauna a wurin har aka kira shi cin abinci, bai tashi ba. Abin da ya tsaya masa ba rashin kunyarta ba ne. Kalmar nan ce ta lalube. Ya san ta. Ya yi irin wannan laluben yana yaro.

Washegari saura layi biyu na kwano a gama rufin. Mai benen da kansa ya zo, ya tsaya gefe da hannu a aljihu, don Tsoho ya gaya masa yau za a rufe, yau kuma zai ga sabon shugaban ma'aikata. Tsoho ya sa rigarsa mai kyau. Auta, ƙanen Dogo, shekara tara tsakaninsu, shi aka haɗa da Dogo tun bayan rasuwar, yana tsaye daidai inda Gajere ke tsayawa.

Sanda ta fara tafiya, yau daga ɗaya bakin layin. Garau. Garau. Garau. Dogo yana jin kalmar tana matsowa kamar ana buga ƙusa ɗaya bayan ɗaya. Na shida a layin wani dattijo ne da kowa ya san gwiwarsa ta kumbura, da ƙyar ya sauko daga mota da safen nan. Shi ma ya ce garau.

Tsoho ya tsaya gaban babban ɗansa. "Lafiya?"

Dogo ya buɗe baki, abin da ya saba fita bai fita ba.

"Ba lafiya ba, Baba."

Tsoho ya karkato kunne kamar bai ji ba. "Me ka ce?"

"Na ce ba lafiya ba. Ƙafafuna rawa suke yi tun ranar. In na ɗauki katako sai in ji ya yi nauyi a baya." Muryarsa ta karye, bai tsaya gyara ta ba. "Kuma ba ƙafa ce ta zame ba. Gajere ya gaya mini a nan, a wurin nan da Auta yake tsaye, cewa kansa na juyawa. Ya ce kada in faɗa, don kada a kira shi Gimbiya. Na ji, na yi shiru, na ce garau. Ni na bar shi ya hau."

Sai kukan ya zo. Ba irin hawayen da ke gangarowa a ɓoye ba, kuka ne na ƙaton mutum, mai sauti, mara kyan ji, kafaɗu na girgiza, gudumar ƙugunsa na bugun cinyarsa. Ma'aikatan suka rasa inda za su sa idonsu. Wani ya duƙa yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Mai bene ya ciro waya ya yi kamar an kira shi, ya zagaya bayan gini. Wani matashi a ƙarshen layi ya saki 'yar dariya, ta tsoro ce ko ta iskanci oho, dattijon nan mai gwiwa ya juya ya harare shi har ya haɗiye ta.

"Goge fuskarka," in ji Tsoho a hankali.

Dogo bai ɗaga hannu ba.

"Na ce ka goge fuskarka. Mutane na kallo."

"Su kalla, Baba. Abokina ne ya mutu. Shekara ashirin da biyu. In ban yi masa kuka ba, wa zan yi wa?"

Jijiyar wuyan Tsoho ta motsa. Ya daɗe yana kallon ɗan nasa, sannan ya faɗi abin da yake faɗa wa kowa. "To, zauna a ƙasa." Ya juya ga Auta. "Lafiya?"

Auta ya dubi yayansa, ya dubi ƙasa. "Garau."

Aka hau aka bar Dogo. Da kansa ya je ya ɗauki gwangwanin, ba sai an miƙa masa ba. Ya yini yana tsintar ƙusa a cikin yashi da ɓaraguzan bulo, hawaye na zuwa yana tafiya, bai ɓuya a bayan komai ba. Sau ɗaya wata murya daga sama ta fara, "Gimbi..." Dogo ya miƙe tsaye, ya ɗaga kai da jiƙaƙƙiyar fuskarsa.

"Ƙarasa mana. Ina ji."

Ba a ƙarasa ba. Da la'asar aka buga kwanon ƙarshe. Tsoho bai yi sanarwar komai ba, ya ce kowa ya tafi gida, Dogo da Auta su same shi a ɗakinsa.

Ɗakin Tsoho ba shi da tarkace. Gado, kujera ɗaya, rediyo, sai akwatin ƙarfe na kayan aikin da ya daina amfani da su amma kullum a goge suke. Yana zaune a kujerar, sanda a tsakanin gwiwoyi. Dogo ya durƙusa ya gaishe shi ya zauna a ƙasa. Auta ya rakuɓe a bakin ƙofa kamar wanda ke shirin gudu.

"Ban kira ka don faɗa ba," in ji Tsoho. "Gyara za mu yi. Gobe da safe za ka tsaya gabansu ka ce zazzaɓi ne ya taɓa maka kai, ba ka san abin da ka faɗa ba. Su yi dariya, kai ma ka yi. Sannan in ba ka abin da na yi maka alkawari. Magana ta mutu."

"Ba zazzaɓi ba ne, Baba."

"Na san ba shi ba ne. Cewa na yi ka faɗa."

"Wato in sake cewa garau."

Tsoho ya buga sandar a ƙasa sau ɗaya. "Kai yaro ne har yanzu, da furfurarka. Ka san abin da shugaba yake a kan rufi? Fuskarsa ake kallo. In iska ta taso, kwano na kaɗawa, mutum tara za su waiwayo su dube ka. In suka ga tsoro a fuskarka, ƙafafunsu za su mutu, a ranar ba ɗaya za ka rasa ba, uku za ka rasa. Tsoro yaɗuwa yake kamar mura. Ka ɗauka ni dutse ne? Gajere a hannuna ya koyi riƙe guduma. Ranar da na binne mahaifiyarku, washegari na hau rufi. Kana tsammani daɗi ne ya kai ni? Ku biyar ne, wannan na bakin ƙofa ko yaye shi ba a yi ba. Da na zauna ina kuka, hawayen za ku ci?"

Ba maganar banza ba ce, kuma Dogo bai ɗauke ta ta banza ba. Mutanen zamanin Tsoho ba mugunta ce ta busar musu da ido ba. Wahala ce ta zo musu ba ta ba su lokacin zama ba, suka ɗaure, ɗaurewar ta cece su. Laifinsu ɗaya ne: da wahalar ta wuce ba su kwance ba, sai suka mai da ɗaurin doka, suka ɗora wa 'ya'yansu.

"Na sani, Baba," in ji Dogo. "Ka ciyar da mu, Allah ya saka maka. Amma shekarata goma lokacin. Kwana da kwanaki ina bin fuskarka da kallo, ina neman alamar cewa kai ma ka yi rashi. Ban gani ba. Har na ɗauka ba ka damu da ita ba. Na kai shekara ashirin ina riƙe da kai a zuciya a kan wannan, ba ka sani ba."

Tsoho ya kawar da kai wajen taga.

"Kuma maganar fuskar shugaba, na yarda. A sama, in iska ta taso, zan daure, ka sha ganina. Amma a ƙasa fa? A gindin tsani, inda aka yi tambayar don a ji gaskiya? Mutum goma sha ɗaya muna yi maka ƙarya kowace safiya, kai ma ka san ƙarya ce. Yau dattijon nan da gwiwarsa kamar tulu ya ce maka garau, ka wuce. Gajere ya fi tsoron sunan Gimbiya a kan faɗowa daga hawa uku. Wannan ba jarunta ba ce, Baba. Tsoro ne shi ma, sai dai na bakin mutane."

"Ni kake gaya wa na kashe shi?"

"Ni na kashe shi, ni da na ji na yi shiru. Amma a wurinka na koyi shirun."

Auta ya ce, "Yaya, don Allah..."

"Kai, rufe mana baki," in ji su biyun a tare.

A waje wata mota ta wuce, yara na ihu a bayanta. Tsoho ya ɗora hannu biyu a kan sandar ya danne.

"Sau ɗaya zan ƙara tambayarka," ya ce. "Za ka faɗa musu zazzaɓi ne?"

Dogo ya ga abin gaba ɗaya a gabansa: shekara talatin, layin safe, sunansa a bakin masu gini. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da su. Ya ji hawayen sun sake tahowa, ya bar su.

"A'a, Baba."

"To, Auta ne zai riƙe."

"Ni?" Auta ya zabura. "Baba, wallahi ni ban..."

"Kai ne. Na gama magana."

Abin ya soki Dogo har ƙashi, kuma bai yi kamar bai soke shi ba. "Ya yi mini zafi, Baba. Ina so ka sani, don kada ka yi lalube. Na so abin nan fiye da komai." Ya juya ga ƙanensa. "Allah ya taya ka riƙo. Ba ni da rigima da kai, zan yi aiki a ƙarƙashinka. Amma ku ji da kyau tun yanzu. Gobe ina cikin layi. In ƙafata ta tsaya zan hau, in tana rawa zan faɗa. In kuma wani ya raɗa mini cewa kansa na juyawa, wallahi sai na ɗaga murya kowa ya ji, ko zai daina gaishe ni har abada. Wanda bai so ba ya kore ni."

"Za ka tsufa kana tsintar ƙusa," in ji Tsoho.

"To. Ƙusar ma ai aiki ce."

Ya yi sallama ya tashi. Tsoho yana nan fuskarsa a taga.

Titin cike yake da masu dawowa daga aiki. Dogo ya bi tsakiyarsu da tsawonsa, idanu jajur, fuska a jiƙe, ana kallonsa ana kawar da kai. Mai shagon kan kwana, wanda ya san shi tun suna samari, ya leƙo daga bayan kanta.

"A'a, Dogo! Me ya samu idonka? Garin katako ne ya shiga?"

Hanya ce aka buɗe masa, irin wadda maza ke buɗe wa juna. In ya ce e, sai a wuce wurin.

"Ba garin katako ba ne," in ji Dogo. "Kuka na yi. Gajere nake yi wa, kuma ban gama ba."

Mai shago ya tsaya da buɗaɗɗen baki, ya duba hagu ya duba dama. Sannan ya sauke kwalin da ke kan bencin ƙofar shagon, ya kaɗe ƙurar da hannu.

"To zauna mana," ya ce. "A tsaye za ka yi shi?"